Shugabannin ƙungiyarmu, ku nuna mana takardar da kuka sa wa hannu da sunanmu

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah a ba ni ɗan fili a wannan jarida in amayar da abin da ke cina, ni da 'yan uwana da aka sallama daga aiki, kuma tun farko bari in faɗa ba kamfanin da ya kore mu na kawo ƙara ba. Shi kamfani ai mun san halinsa, riba ya fito nema, ranar da lissafi ya nuna masa ka zama nauyi zai sauke ka ko sannu babu. Waɗanda na kawo ƙararsu su ne shugabannin ƙungiyarmu ta ƙwadago, mutanen da muka zaɓa da hannunmu, duk wata ana yankar albashinmu ana zuba wa ofishinsu, su ne suka shiga ɗaki da manajoji suka ƙulla yarjejeniya a kanmu suka fito, kuma har yau ɗin nan da nake wannan rubutu babu mutum ɗaya a cikinmu da ya ga takardar da idonsa. Ba zan kama sunan kamfanin ba, haka ita ma ƙungiyar, don maganar tana hannun lauya, kuma na tabbata da yawa cikin masu karatu in sun ji labarin za su ce ai tasu ƙungiyar nake nufi.

Kamfani ya ce kasuwa ta faɗi zai rage ma'aikata, to wannan ba sabon abu ba ne. Abin da ke rubuce a yarjejeniyar aiki tsakanin ƙungiya da kamfani shi ne a zauna da wakilanmu a duba ko akwai hanyar kauce wa korar, in babu a bi ƙa'ida wajen zaɓen masu tafiya, wanda ya zo ƙarshe shi ne farkon fita, sannan a tsayar da abin da za a biya kowa gwargwadon shekarunsa. Mu dai wayar gari muka yi muka ga an liƙa sunaye, da ka bi jerin kuma sai ka ga ba wata ƙa'ida da aka bi, an cire wanda ya yi furfura a wajen an bar wanda ya zo jiya, kuma abin da ya fi ɗaure mana kai kusan duk masu ɗaga hannu a mitin suna tambayar ina kuɗin ƙungiya suke shiga suna cikin jerin. Ban ga wanda ya rubuta sunayen ba, ba zan yi wa kowa ƙazafi ba, amma dai ruwa ba ya tsami banza.

Muka garzaya wajen ciyaman, ya tarbe mu da fara'a, kwamared ku kwantar da hankalinku muna kan magana da su, ba inda za ku. Ya ce kar wanda ya je wajen 'yan jarida, kar wanda ya tsaya a bakin get da kwali, wai za mu ɓata musu tattaunawa. Muka ce to ranka ya daɗe, muka koma gida muka zauna, in ka kira waya a ce ana mitin, in ka je ofis maigadi ya ce oga ba ya nan alhali ga motarsa nan a fake a inuwa kana kallo. Ana nan ana nan sai saƙo ya shigo a WhatsApp, layi biyu kacal, wai an cimma matsaya kowa ya zo ya karɓi haƙƙinsa.

Ranar karɓar ce ta nuna mana inda muka kwana. Tebur guda aka ajiye, jami'ar kula da ma'aikata a gefe ɗaya da fayil ɗinta, sakataren ƙungiyarmu a kusa da ita kafaɗa da kafaɗa, shi ne ma yake miƙa biro. Takardar da za ka sa wa hannu shafi ɗaya ce, a ƙasanta an rubuta cewa ka karɓi duk abin da kake bi, ba ka da sauran ƙorafi a kan kamfani, kuma ka yafe haƙƙin kai ƙara kowace kotu. Wani dattijo a gabana, direban babbar mota ne da ya fi kowa daɗewa a cikinmu, ya sa tabarau ya karanta a hankali da yatsa, ya ɗago ya ce sakatare da wane lissafi aka fitar da wannan kuɗin, ina giratutina, ina kuɗin hutun da ban tafi ba. Sakatare bai ko kalle shi ba ya ce Baba sa hannu kawai mutane na jira, wannan ma da ƙyar muka ƙwato muku. Dattijon ya ce to a nuna mini yarjejeniyar in gani, aka ce masa sirri ce tsakanin ɓangarori biyu. Ya cire tabaransa ya ce ni wane ɓangare ne ke nan, ya ajiye biron ya fita. Wasu sun sa hannu kuma ban ga laifinsu ba ko kaɗan, mai haya yana ƙwanƙwasa ƙofa yara an koro su daga makaranta me za ka ce wa mutum. Mu da muka ƙi kuma kafin dare an cire mu daga zauren WhatsApp na ƙungiya.

Malam Edita, maganata guda ce. Shugaban ƙungiya wakili ne, ɗan aike ne, ba shi da hurumin ya yanke magana a kan aikin mutum da guminsa na shekaru ba tare da ya dawo ya karanta masa abin da aka ba shi ya tambaye shi ya yarda ko bai yarda ba. Ko dillali ka ba wa kayanka ya sayar ai zai dawo ya ce maka ga yadda aka taya kafin ya sallama, balle aikin da kake ci da iyalinka da shi.

Na daɗe ina tunanin me ya sa hakan ke yawan faruwa, don ba duka shugabannin nan ne mugaye ba, wasunsu mun san su tun suna tsaye a bakin inji tare da mu. Abin da na gano shi ne tsarin ne da kansa yake tura su. Kuɗin ƙungiya daga albashi ake cirewa kai tsaye, kamfani ne yake cirewa ya tura wa ƙungiya. To ranar da aka kore ka albashi ya tsaya, cirewa ta tsaya, a kundin tsarin mulkin ƙungiyoyi da yawa kuma wanda ba ya biya ba shi da ƙuri'a, ba ya tsayawa takara, wani lokacin ko zauren taro ba zai shiga ba. Wato a daidai lokacin da ka fi bukatar ƙungiya a rayuwarka, a lokacin ne ka zama ba ka da wani amfani a wajen mai neman a sake zaɓensa. Masu ƙuri'a suna ciki, su kuma tsoro ya kama su, burinsu kawai a rufe maganar kar wutar ta iso kansu. Ga shi kuma famfon kuɗin yana hannun kamfani, in ya ga dama ya jinkirta turawa wata biyu ofishin ƙungiya ya kasa biyan ma'aikatansa. Sai ka haɗa da cewa shi ciyaman an ɗauke masa aiki tuntuni, ba ya shiga shifta, kullum yana zama da manajoji a ɗaki mai sanyi ana kiran juna da suna ana raha, a hankali a hankali sai ya fara jin matsalar kamfani fiye da tamu, ba sai an ba shi ko sisi ba. In kuma an ba shi, to wannan Allah ne shaida.

Na san abin da za su ce, don sun faɗa mana. Za su ce doka ta ɗaure musu hannu, in suka kira yajin aiki ba bisa ƙa'ida ba kotu za ta ci ƙungiya tara, za su ce akwai ɗaruruwan da suka rage a ciki su ma amana ce a wuyansu, za su ce rabin abu ya fi babu. Kuma ban ce duk ƙarya ba ne. Wannan takaddama ta girme mu duka, kuma an yi ta a ƙasashen da ƙungiyoyinsu suka fi namu ƙarfi da kuɗi.

A duba abin da ya faru a tashar jiragen ruwa ta Liverpool a Ingila. A watan Satumba na 1995 wani ƙaramin kamfanin kwangila mai suna Torside ya kori ma'aikatansa kan rigimar kuɗin obataim, suka tsaya a bakin get, sauran ma'aikatan tashar na babban kamfanin Mersey Docks suka ce ba za su tsallake 'yan uwansu su shiga aiki ba, shi ke nan aka haɗa aka kori mutum kimanin 500. Ƙungiyarsu TGWU, wadda tana cikin mafi girma a Birtaniya a lokacin, ƙarƙashin babban sakatarenta Bill Morris, ta ƙi ta ayyana yajin a matsayin nata a hukumance, hujjarta kuwa dokokin da aka yi tun zamanin firaminista Margaret Thatcher sun haramta yajin taya wani, in ta sa kanta a ciki kotu na iya taɓa dukiyar ƙungiya gaba ɗaya. Ta dai riƙa ba su tallafi, amma ta tsaya a nan. Mutanen nan suka yi wata 28 a bakin get, matansu suka kafa tasu ƙungiyar suna yawo gari gari neman goyon baya, ma'aikatan tashoshin ruwa a Amurka da Ostireliya da wasu ƙasashe suka riƙa tsayar da aiki dominsu, har ɗan ƙwallon Liverpool Robbie Fowler a 1997 ya ɗaga rigarsa bayan ya ci ƙwallo ya nuna wata riga ta goyon bayansu, UEFA ta ci shi tara. Na nesa sun tsaya musu, uwar ƙungiyarsu tana gefe tana lissafin doka. A watan Janairu na 1998 suka haƙura suka karɓi fam 28,000 ga waɗanda suke ma'aikatan babban kamfanin kai tsaye, aikin kuma bai dawo ba, kuma da yawansu ba su taɓa yafe wa shugabancin ƙungiyar ba.

Amma ga inda nake so a lura. Duk da wannan ɗacin, su mutanen Liverpool an kawo musu tayin a fili, sun san nawa ne, sun san sharuɗɗan. A watan Oktoba na 1997 shugabancin ƙungiya ya tilasta a yi ƙuri'ar sirri a kan tayin kamfani, a zatonsa mutane sun gaji za su karɓa, suka yi fatali da shi da babban rinjaye, kuma aka bar ƙuri'ar a yadda ta fito. Da suka zo karɓa daga baya su ne suka zauna a taronsu suka yanke. Ko sun yi daidai ko sun yi kuskure wuyansu ne. Mu ko wannan ɗin ba mu samu ba, an yanke mana ne a bayan idonmu aka kira mu mu zo mu sa hannu. Wace doka ce ta hana ciyaman ya tara mu ya karanta mana shafi uku ko huɗu? Wace kotu ce za ta ci shi tara don ya ce masu goyon baya su ɗaga hannu?

Sai maganar hukunta wanda ya yi ƙorafi. Da muka rubuta takardar koke zuwa hedikwatar ƙungiya ta ƙasa, amsar da ta fara dawowa ba a kan kokenmu ba ce, gargaɗi ne wai muna zubar da mutuncin ƙungiya, muna yi wa kamfani aiki, 'yan tada zaune tsaye ne mu. Mu da kamfani ya kora mu ne muke masa aiki, ikon Allah. Wannan ma tsohon salo ne. A Landan a 1976 ma'aikatan kamfanin wanke hotuna na Grunwick, yawancinsu mata 'yan asalin Indiya da suka zo daga gabashin Afirka, suka fita yajin aiki kan wulaƙanci da ƙarancin albashi, wata mata Jayaben Desai ce a gaba, kamfani ya kori mutum 137. Da farko ƙungiyoyin ƙasar da dama sun yi musu rakiya, akwai ranar da mutum kusan 20,000 suka fito dominsu a 1977, gwamnati ta kafa kwamiti ƙarƙashin alƙali Scarman ya ce a mayar da su aiki, mai kamfanin George Ward ya ce bai san zancen ba. Daga nan sai manyan suka fara ja da baya. Da matan suka ga an bar su, a watan Nuwamba na 1977 Desai da wasu mutum uku suka je ƙofar hedikwatar TUC, wato babbar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasar, suka zauna a cikin sanyi suna yajin cin abinci. Ba a ƙofar kamfani ba fa, a ƙofar nasu. Ƙungiyarsu APEX sai ta dakatar da su ta kuma tsayar musu da alawus ɗin yajin aiki. A 1978 yajin ya mutu ba wanda aka mayar. Yau kuma in ka ji 'yan ƙwadagon Birtaniya suna ambaton Desai sai ka ɗauka a kai suka ɗauke ta a lokacin.

Ina so shugabanninmu su san ba su kaɗai abin yake ci ba in suka ci gaba a haka. Ma'aikaci in ya yanke ƙauna daga ƙungiyarsa ba gida yake komawa ya kwanta ba, nasa kwamitin yake kafawa, kamfani kuma ya ce shi ba ya magana da kowa sai ƙungiyar da ya sani, sai a rasa mai magana da wani, wannan gurbin kuma 'yan sanda ne suke cike shi. Afirka ta Kudu ta gani a 2012. A farkon shekarar kamfanin Impala ya kori ma'aikatan haƙar ma'adinin filatinam kimanin 17,000 kan yajin da suka yi ba da yawun ƙungiyarsu NUM ba, don sun daina yarda da ita. A watan Agusta abin ya koma Marikana a mahaƙar kamfanin Lonmin, masu fasa dutse suka ce rand 12,500 suke so a wata kuma ba sa son NUM ta yi magana da yawunsu, ranar 11 ga wata suka yi tattaki zuwa ofishin ƙungiyar aka yi harbi daga ɓangaren 'yan ƙungiyar aka raunata mutum biyu, ranar 16 ga wata 'yan sanda suka harbe mutum 34. NUM ɗin nan fa ita ce ta yi gwagwarmaya da mulkin wariyar launin fata, babban sakatarenta na farko a 1982 shi ne Cyril Ramaphosa, wanda a 2012 yana cikin daraktocin Lonmin ɗin. Ba ina ɗora masa jinin kowa ba ne, kwamitin binciken kisan ƙarƙashin alƙali Farlam bai kama shi da laifin kisan ba, ina nuna nisan da ke iya shiga tsakanin ofishin ƙungiya da ramin haƙa ne kawai. Shekara ba ta zagayo ba wata ƙungiyar ƙwadagon mai suna AMCU ta ƙwace rinjaye a Lonmin daga hannun NUM. Allah ya kiyaye, mu ba ma fatan ko ƙwarzane ya samu wani, kuma duk wanda ya zo mana da maganar a je a fasa ofis mun kore shi daga cikinmu.

Wata magana da sakatare ya jefa mana ita ce wai ai yanzu ku ba membobi ba ne, tun ranar da aka sallame ku kuka fita daga rajista, don haka ba dole ne mu yi muku bayani ba. To in mu ba membobi ba ne da wane iko kuka sa hannu da sunanmu? Ba zai yiwu ranar ƙulla yarjejeniya mu zama naku, ranar tambaya kuma mu zama baƙi ba. Kotun ƙolin Amurka ta taɓa warware irin wannan tun 1944, a shari'ar wani baƙar fata mai suna Steele da ke aikin zuba kwal a injin jirgin ƙasa. A lokacin ƙungiyar masu wannan aiki ba ta karɓar baƙaƙe a matsayin membobi sam, amma ita doka ta ba wa ikon yin magana da yawun duk masu sana'ar, sai ta je ta ƙulla yarjejeniya da kamfanonin jirgin ƙasa da za ta ture baƙaƙen daga guraben aikinsu. Kotu ta ce a'a, tunda ka karɓi ikon magana da yawun mutum to wajibi ne ka wakilce shi da gaskiya ba nuna bambanci, ko memba ne ko ba memba ba. A 1967 kotun ta ƙara fayyace cewa ƙungiya ta saɓa wannan wajibi in ta yi wa koken ma'aikaci riƙon sakainar kashi, ko ta nuna masa bambanci, ko ta yi da mugun nufi. Wannan dokar Amurka ce, kowace ƙasa da tata, kuma ko a can cin irin wannan shari'a ba wasa ba ne, amma hankalin da ke ciki ai ba sai an je makarantar lauyoyi ba.

Haka yarjejeniya ta 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, wadda aka yi a 1982 kan sallamar ma'aikata, duk da ba kowace ƙasa ce ta rattaba mata hannu ba, ta ce in kamfani zai rage ma'aikata saboda tattalin arziki to ya ba wa wakilan ma'aikata bayani a kan lokaci, dalilin korar, mutum nawa, waɗanne rukuni, cikin wane lokaci, kuma ya zauna da su a nemi hanyar rage ɓarnar. Don wa ake ba wakilan wannan bayani? Ai don mu ne, ba don su kulle a durowa ba. Su kuma shugabannin sun fi son ambaton yarjejeniya ta 87 ta 1948, wadda ta hana gwamnati tsoma baki a harkar ƙungiya, duk lokacin da aka ce za a kai ƙararsu ma'aikatar ƙwadago sai su ɗaga ta. Mun yarda da ita ɗari bisa ɗari, amma 'yancin da ke cikinta na ma'aikata ne su kafa ƙungiyarsu su zaɓi wakilansu, ba lasisi ba ne na wanda aka zaɓa ya fi ƙarfin tambaya.

Akwai kuma masu zuwa mana ta ɗaya gefen, wasu har da 'yan uwa na jini, suna cewa ai mun faɗa muku yuniyon cuta ce, duk ɓarayi ne, gara kowa ya yi ta kansa. Wannan ban yarda da shi ba ko yanzu da nake cikin zafin abin. Hutun shekara da muka ci, kuɗin obataim, takalmi da hular kariya, kuɗin asibiti, ba wanda kamfani ya ba mu don yana ƙaunarmu, ƙungiyar nan ce ta ƙwato su a hannun shugabannin da suka gabata, wasunsu har aikinsu suka rasa a kai. Mutum ɗaya a gaban manaja ba komai ba ne, mun gani da idonmu a wajen 'yan kwantiragi da ba su da ƙungiya, su ko takarda ba a ba su, maigadi ne kawai yake ce musu yau kar ku shiga. Saboda ƙungiyar tamu ce shi ya sa muke wannan faɗan, da ta wani ce da tuni mun kama gabanmu.

'Yan uwa da kuka rage a ciki, mun san an ja muku kunne kar a gan ku da mu, mun ga yadda wasu ke sauya hanya in sun hango mu, ba mu riƙe ku a zuci ba. Amma ku ne masu ƙuri'a yanzu, ku kaɗai ciyaman yake jin tsoro. A taro na gaba mutum ɗaya ya daure ya miƙe ya kawo shawarar a gyara kundin ƙungiya, duk wanda aka kora ya ci gaba da zama cikakken memba da ƙuri'arsa har sai an gama shari'arsa ko ya karɓi haƙƙinsa da yardarsa, kuma duk wata yarjejeniyar sallama kar ta zama ta zauna sai waɗanda abin ya shafa sun ji ta sun kaɗa ƙuri'a, kuma in za a shiga ɗaki da manajoji a tafi da mutum biyu ko uku daga cikin korarrun da su suka zaɓa da kansu. Ba don mu ba, mu namu ya riga ya faru. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta ka san sauran, kuma kun ji da kunnenku an ce ragin na zagaye na biyu yana nan tafe.

Shi kuma ciyaman da sakatare, in kuna karanta wannan, kuma na san za a tura muku, ba mu ce lallai sai kun dawo da mu aiki ba, mun san wani abin ya fi ƙarfinku. Wataƙila ma abin da kuka samo shi ne iyakar abin da za a iya samu, in haka ne me ya sa ake ɓoyewa? Ku kira taro, ku zo da takardar, ku zo da bayanan zaman da kuka yi da kamfani da sunan duk wanda ya halarta, ku nuna mana lissafin da aka bi aka fitar da kuɗin kowa da ƙa'idar da aka bi aka zaɓi sunaye. In mun gani mun gamsu wallahi ni da kaina zan sake rubuto wa wannan jarida in ce an yi mana adalci. Lauyanmu ya riga ya aika muku da takarda yana neman kwafin yarjejeniyar, an karɓa an buga hatimi a ofishinku, ya kuma aika kwafi hedikwata, wa'adin da ya bayar yana gab da cika, in ya cika ba amsa to sai mu haɗu a kotun ma'aikata, kuma wannan karon sunan ƙungiya zai fito a takardar ƙara kusa da na kamfani.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Ɗaya daga cikin ma'aikatan da aka sallama, a madadin waɗanda suka ƙi sa hannu.